Matsalolin da Jami'an Kula da Kwamfutoci ke Fuskanta Yayin Sauya Babbar Manhaja: Darasi daga Windows Vista

Gabatarwa

A kowace ma'aikata ko sakatariyar ƙaramar hukuma da ake aiki da kwamfuta, akwai mutumin da ake nema duk lokacin da firinta ta ƙi buga takarda ko na'ura ta ƙi tashi. Shi ne jami'in kula da kwamfutoci. Aikinsa ba ya fitowa fili matuƙar komai yana tafiya daidai, amma ranar da takardar albashi ta maƙale a cikin na'ura, kowa ya san ƙofar ofishinsa. Babu kuma lokacin da wannan jami'i ya fi shan wahala kamar lokacin da aka fito da sabuwar babbar manhaja, aka ba da umarnin a ɗora ta a kan dukkan kwamfutocin ofis.

Wannan maƙala tana bayanin dalilan wannan wahala. An ɗauki Windows Vista, wadda kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 2007, a matsayin misali, domin ita ce aka fi tunawa da ita a duk duniya idan ana maganar sauyin da ya ba ma'aikatu ciwon kai. Manufar ita ce shugabannin sassa, ma'ajiya, da sauran jama'a su fahimci abin da ke faruwa a bayan fage, su kuma san rabonsu a cikin aikin.

Mece ce babbar manhaja?

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da farko idan an kunna kwamfuta, kuma ita ke gudanar da duk abin da ke cikinta. Sauran manhajoji, kamar ta rubuta wasiƙu, ta lissafin albashi, da ta shiga intanet, duka a kanta suke zaune. Ita ce kuma ke magana da firinta, sikana, allon rubutu da linzami. Misalanta su ne Windows, Linux da macOS. Za a iya kwatanta ta da harsashin gini: wanda ya sauya fenti ya taɓa fuskar gida kawai, amma wanda ya sauya harsashi dole ne ya sake duba kowane bango.

Mai kwamfuta ɗaya a gida yana iya sauya babbar manhaja cikin yini guda. Jami'in da ke riƙe da kwamfutoci hamsin ko ɗari biyar, waɗanda aka saya a shekaru daban-daban daga kamfanoni daban-daban, lamarinsa dabam ne. Tilas ya tabbatar cewa kowace za ta tashi, kowace manhajar aiki za ta buɗe, kuma babu fayil ko ɗaya da zai salwanta.

Daga XP zuwa Vista

An fitar da Windows XP ranar 25 ga Oktoba, 2001. Bayan babban gyaran tsaro da aka yi mata a shekarar 2004, ta zauna da gindinta, ma'aikatu suka saba da ita, aka rubuta dubban manhajoji dominta. Sai da aka yi fiye da shekara biyar kafin magajiyarta ta fito. An ba manyan kamfanoni da hukumomi Vista ranar 30 ga Nuwamba, 2006, sannan ta shiga kasuwa ga kowa ranar 30 ga Janairu, 2007. Ta zo da nufin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke bi a XP, kuma don cimma haka aka sauya abubuwa da yawa a cikinta lokaci guda. Daga nan matsalolin suka taso.

1. Ƙarfin na'ura

XP tana iya tashi a kan kwamfuta mai ma'adanar wucin gadi, wadda ake kira ram, ta megabait 64, ko da yake 128 aka fi so. Vista kuwa mafi ƙarancin abin da take nema shi ne megabait 512, kuma domin a samu cikakken aikinta sai da gigabait 1 na ram, da fili na gigabait 15 a rumbun ajiya, da katin hoto mai ƙarfi. Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshi a lokacin ba su kai haka ba. Saboda haka abin da aka ɗauka sayen manhaja ne kawai ya rikiɗe ya zama sayen sababbin na'urori, alhali ba a tanadi kuɗin a kasafi ba.

Har ila yau, an sayar da kwamfutoci da yawa a 2006 ɗauke da tambarin da ke nuna za su iya ɗaukar Vista. Daga baya masu saye suka tarar cewa ƙaramin nau'inta kawai suke ɗauka, wanda ba shi da sabon fasalin fuska mai suna Aero da aka yi ta tallatawa. Wannan ya kai ga shigar da ƙara a kotun tarayya da ke birnin Siyatil na Amurka a 2007. Jami'in da ya ba da shawarar sayen irin waɗannan na'urori bisa dogaro da tambarin shi ne ya sha tambayoyi a gaban shugabanninsa.

2. Direbobi

Kowace firinta, sikana ko katin hoto tana buƙatar wata ƙaramar manhaja da ke haɗa ta da babbar manhaja. Ana kiranta direba. Vista ta sauya tsarin direbobin hoto da na sauti, don haka da yawa daga cikin na XP suka daina aiki. Wasu kamfanoni sun yi jinkirin fitar da sababbi, wasu sun fitar da masu kurakurai, wasu kuma sun ƙi fitarwa sam ga tsofaffin kayansu domin a sayi sababbi. Takardun da suka fito a shari'ar da aka ambata a sama sun nuna cewa kusan kashi 29 cikin 100 na tsayawar Vista da aka tattara bayanansu a 2007 sun samo asali ne daga direbobin katin hoto na kamfani guda, wato Nvidia. Ga ma'aikaci, abin da ya gani shi ne firintar da ta yi aiki jiya ta ƙi yi yau. Ga jami'in kwamfuta kuwa, gyaran ba ya hannunsa, sai dai ya jira kamfanin da ya ƙera ta.

3. Tsofaffin manhajojin aiki

Wannan ita ce matsala mafi girma ga hukumomi. Manhajar albashi, ta haraji, ko ta rajistar marasa lafiya sau da yawa wani ɗan kwangila ne ya rubuta ta musamman domin ofishin, shekaru da suka wuce. An rubuta irin waɗannan manhajoji bisa zaton cewa mai amfani da kwamfuta yana da cikakken iko a kanta, kuma suna ajiye bayanansu a cikin jakunkunan da babbar manhaja ta keɓe wa kanta. Vista ta hana haka. Domin kada tsofaffin manhajoji su mutu gaba ɗaya, sai takan karkatar da abin da suka rubuta zuwa wata ɓoyayyiyar jaka ta kowane ma'aikaci. Sakamakon haka, akawu biyu da ke amfani da kwamfuta ɗaya suna iya buɗe manhaja ɗaya su ga lissafi daban-daban, kowanne yana rantsuwa cewa nasa ne daidai. Gano musabbabin irin wannan yakan ci kwanaki.

Bugu da ƙari, Vista ta zo da Internet Explorer 7, kuma ba a iya mayar da ita kan na 6. Hukumomi da dama suna da shafukan aiki na cikin gida da aka tsara domin na 6 kaɗai. Idan ɗan kwangilar ya rufe kamfaninsa ko ya tafi da asalin rubutun manhajar, babu mai iya gyara ta, sai dai a sake ba da kwangila.

4. Yawan neman izini

Vista ta shigo da wani tsarin tsaro da aka fi sani da UAC a taƙaice. Duk lokacin da za a yi wani abu da ya shafi tsarin kwamfutar, kamar ɗora manhaja ko gyara agogo, sai fuskar kwamfutar ta dushe, a nemi izini, ko a nemi kalmar sirri ta jami'in kula da na'urori. Manufar tana da kyau, domin ta hana ƙwayar cuta shiga ba da sanin mutum ba. Sai dai tambayoyin sun yi yawa, musamman saboda tsofaffin manhajoji suna tayar da su ba gaira ba dalili. Jami'in ya tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu: ya bar tsarin a kunne ya wuni yana yawo daga tebur zuwa tebur yana shigar da kalmar sirri, ko ya kashe shi ya zubar da babbar kariyar da aka sayi Vista dominta. Ma'aikata kuma suka koyi danna amincewa ba tare da karanta abin da aka tambaya ba.

5. Lasisi

A zamanin XP, hukumar da ta sayi lasisin jumla tana samun lamba ɗaya da za ta ɗora a kan dukkan kwamfutocinta ba tare da wani tantancewa ba. Da yake an yi ta satar irin waɗannan lambobi, sai Vista ta wajabta tantancewa ga kowa. Hukuma tana iya kafa uwar garke ta tantancewa a cikin gida, amma sai tana da kwamfutoci 25 ko fiye, kuma kowace kwamfuta sai ta sake tuntuɓar uwar garken cikin kowane kwana 180. Ko kuma a tantance kowace da kamfanin ta intanet ko ta waya. A farkon fitowar Vista, kwamfutar da ba a tantance ba cikin wa'adi takan taƙaita aikinta har ta zama kusan ba ta da amfani. Ofisoshin da ke nesa da hedkwata, inda babu intanet mai ƙarfi, su suka fi jin wannan a jika.

6. Ma'aikata

An sauya wuraren abubuwa da sunayensu. Jakar da ake ajiye fayilolin ma'aikata ta koma wani suna, hanyoyin shiga saituna suka canza. A daidai lokacin kuma aka fito da Office 2007, wadda ta kawar da jerin umarnin da aka saba da shi ta kawo sabon tsari, ta kuma fara ajiye takardu a sabon nau'in fayil mai suna docx, wanda Office 2003 ba ta buɗewa sai an ƙara mata wata manhaja. Takardar da aka aika daga ofishin da ya sauya zuwa wanda bai sauya ba sai ta ƙi buɗewa. Mai buga takardu da ya shekara goma yana aiki ido rufe ya koma tambayar inda ake danna bugawa. Duk waɗannan koke-koke teburin mutum ɗaya suke sauka, kuma yawanci ba a ba shi kansa horo a kan sabuwar manhajar ba.

Yadda hukumomi da kamfanoni suka amsa

Da yawa sun zaɓi jira. Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta dakatar da ɗora Vista a kan kwamfutocinta a 2007. A watan Afrilu na shekarar, kamfanin Dell ya dawo da sayar da wasu kwamfutoci masu XP saboda buƙatar masu saye. A 2008 aka ruwaito cewa kamfanin Intel, duk da kusancinsa da Microsoft, ba zai sauya yawancin kwamfutocin ma'aikatansa zuwa Vista ba. Hukumomi da dama sun riƙa sayen sababbin na'urori masu lasisin Vista, sannan su goge ta su mayar da XP, abin da sharuɗɗan wasu nau'o'in lasisin suka halatta. Microsoft ya tsawaita sayar da XP zuwa 30 ga Yuni, 2008.

Babban gyaran farko da aka yi wa Vista a farkon 2008 ya magance abubuwa da dama, ciki har da jinkirin kwafar fayiloli, amma sunanta ya riga ya ɓaci. Ranar 22 ga Oktoba, 2009 aka fitar da Windows 7. Abin lura shi ne, a kan harsashin Vista aka gina ta, kuma direbobin Vista suna aiki a kanta. Ta samu karɓuwa saboda an rage yawan neman izini, kwamfutoci sun ƙara ƙarfi, direbobi sun nuna, masu rubuta manhajoji kuma sun gyara kayansu cikin shekaru ukun da suka gabata. Wannan ya nuna cewa babban ɓangare na wahalar Vista rashin shiri ne na duk waɗanda abin ya shafa.

Haɗarin zama a kan tsohuwa

Jira ma yana da iyaka. Kowace babbar manhaja tana da ranar da kamfani zai daina aiko mata da gyaran tsaro. Na XP ya ƙare ranar 8 ga Afrilu, 2014, kuma a shekarar gwamnatin Birtaniya ta biya kimanin fam miliyan 5.5 domin a ci gaba da tallafa wa kwamfutocinta masu XP na shekara guda. Ranar 12 ga Mayu, 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry, wadda ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a ƙasashe fiye da 150. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Yawancin kwamfutocin da ta kama ba a ɗora musu gyaran da Microsoft ya fitar tun watan Maris na shekarar ba. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sauye-sauyen da suka biyo baya

Labarin ya maimaita kansa ta wasu fuskoki. Windows 8 ta 2012 ta cire maɓallin farawa da aka sani tun 1995, sai da aka dawo da shi a 2013. Windows 10 ta 2015 ta zo da manyan sabuntawa a kai a kai, kuma na watan Oktoban 2018 an janye shi na ɗan lokaci bayan ya goge fayilolin wasu masu amfani. Windows 11 ta 2021 tana buƙatar ram gigabait 4, rumbun ajiya gigabait 64, da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma galibin furosesocin Intel da suka girmi ƙarni na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, ba sa cikin jerin waɗanda aka amince da su. Wannan ya shafi ofisoshin da suka dogara da kwamfutoci na hannu, domin na'ura tana iya zama lafiya lau amma a ce ba ta cancanta ba. Ga ranakun da tallafi ya ƙare:

Windows XP: 8 ga Afrilu, 2014
Windows Vista: 11 ga Afrilu, 2017
Windows 7: 14 ga Janairu, 2020
Windows 8.1: 10 ga Janairu, 2023
Windows 10: 14 ga Oktoba, 2025

Ga hukumomi da kamfanoni, Microsoft ya tanadi ƙarin gyaran tsaro na Windows 10 na tsawon shekara uku bisa biyan kuɗi, dala 61 ga kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara.

Takardun Hausa

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga ofisoshin da ke rubutu da Hausa. Tsofaffin takardu da yawa an buga su ne da fon na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan wasu alamomi. Idan aka sauya babbar manhaja aka manta da kwafar fon ɗin, sai a buɗe takarda a ga "}asa" a maimakon "ƙasa", ko "]aya" a maimakon "ɗaya". Rubutun bai lalace ba, dawo da fon ɗin yana gyara shi. Maganin dindindin shi ne a mayar da muhimman takardu zuwa tsarin haruffa na bai-ɗaya mai suna Unicode, wanda ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma Windows na baya-bayan nan suna da allon rubutun Hausa a cikinsu.

Matakan da suka kamata a bi

1. A ƙidaya dukkan kwamfutoci, firintoci da manhajojin ofis, a rubuta shekarun kowace da ƙarfinta.
2. A gwada sabuwar manhaja a kan kwamfutoci biyu ko uku tukuna, tare da manhajojin albashi da na kuɗin shiga, na tsawon aƙalla wata guda domin a ga yadda za ta yi a ƙarshen wata.
3. A kwafi dukkan fayiloli zuwa wani rumbu dabam, a kuma tabbatar kwafin yana buɗewa kafin a goge komai.
4. A sanya kuɗin na'urori, lasisi da horon ma'aikata a cikin kasafin shekara tun kafin ranar ƙarewar tallafi.
5. A yi sauyin sashe bayan sashe, a kauce wa lokacin biyan albashi da na rufe asusun shekara.
6. A tanadi wuta mai ɗorewa ranar aikin, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗora manhaja tana iya hana kwamfuta tashi.
7. A guji manhajar jabu da ake sayarwa a faifai ko filashi, domin sau da yawa tana zuwa da ƙwayar cuta a ciki.
8. A duk sabuwar kwangilar manhaja, a rubuta cewa hukuma ce mai asalin rubutun, kuma ɗan kwangila zai daidaita ta idan babbar manhaja ta sauya.
9. Kwamfutar da dole ta zauna a kan tsohuwar manhaja saboda wata na'ura ta musamman, a raba ta da intanet, a kuma taƙaita saka mata filashi.

Kammalawa

Idan jami'in kula da kwamfutoci ya nemi a jinkirta sauyi, yawanci yana da na'ura ko manhajar da ya san za ta tsaya. Idan kuma ya matsa a sauya, yawanci ranar ƙarewar tallafi ce ta gabato. A duka halin biyu, ya kamata shugabannin sassa su nemi ya kawo dalilinsa a rubuce, tare da jerin kayan da abin ya shafa da kiyasin kuɗi, sannan a yanke shawara tare. Ga jama'ar da suka zo karɓar takardar shaidar ƙaramar hukuma ko biyan haraji aka ce musu ana gyaran na'ura, yana da kyau su tambayi ranar da aikin zai kammala, ofishin kuma ya manna sanarwa tun mako guda kafin a fara, domin kada wanda ya taso daga ƙauye mai nisa ya yi asarar kuɗin mota.